Fito Biyar a Kalma Ɗaya

Bakinsa a buɗe, fitila na dukan idonsa, likitar ta sanar da shi cewa wannan ba sashenta ba ne.

Sai da ta zare ɗan madubin daga bakinsa sannan ya samu damar tambayar ko sashen wane ne. Ta ce ita dasashi take dubawa, nasa kuwa lafiya lau, har ya fi na wasu samarin. Haƙoran roba aikin ɗaki na huɗu ne. Ya ce ai daga ɗaki na huɗu aka turo shi, can sun ce su awo kaɗai suke yi, gyara sai mai ƙira, mai ƙira kuma ba ya leƙowa sai Alhamis. Ta wanke hannu, ta ce to ai shi ke nan, sai Alhamis ɗin.

"Likita, baki ɗaya ne fa," ya ce. "Da dasashin da haƙoran da harshen, duk a sashe ɗaya Allah ya ajiye mini su."

A kan "dasashi" da "sashe" haƙoran suka yi abin da ya kawo shi. Wani siririn fito ya kuɓuce ta tsakanin na gaba biyu, irin wanda ake kiran kare da shi. Likitar ta juya baya tana neman wani abu a cikin durowa, kafaɗunta na rawa. Ya sauko daga kujerar ya ɗauki hularsa. Yau Litinin, ƙarfe goma da kwata, kuma shi ba shi da Alhamis.

A gidan rediyon da yake aiki an daɗe da manta sunansa na yanka. Ƙarfe Ɗaya ake ce masa, domin shekara talatin da ɗaya ke nan shi ke karanta labaran Turanci na ƙarfe ɗayan rana, har akwai masu gyara agogonsu da gaisuwarsa. Makonni shida da suka wuce 'yarsa ta tasa shi gaba, ta ce ba za ta zuba ido ubanta ya ci gaba da tauna da gefe ɗaya kamar akuya ba. Aka cire ragowar haƙoransa na sama, aka sa masa sababbi, farare ƙal, jere reras kamar na mutumin da ke jikin kwalin man goge baki. Kowa ya ce ya koma yaro. Da matarsa na raye, da tun ranar farko ta gaya masa gaskiya a kan tabarmar cin abinci. Da yake ba ta nan, masu saurare ne suka gaya wa manaja.

Ranar Juma'ar da ta wuce manajan ya kira shi ofis. Wannan manaja da takalmin makaranta ya zo gidan, Ƙarfe Ɗaya ne ya koya masa inda ake ajiye numfashi a tsakiyar jimla, ga shi yanzu bayan ƙaton tebur yana cewa "Malam" da irin muryar masu zuwa dubiya. Ya ce an yi ta bugo waya. Wani ya tambaya ko tsuntsu ne ya shiga ɗakin karatun labarai, wata kuma ta ce sau biyu tana kai rediyonta wurin mai gyara. Don haka kwamiti ya yanke shawara: ranar Litinin Malam zai karanta na ƙarfe ɗaya, ƙarfe huɗu a maimaita labaran da muryar wata, kwamiti ya saurari duka biyun ya zaɓi mai riƙe kujerar. Wanda bai samu ba, ba korarsa za a yi ba, Allah ya kiyaye. Akwai ɗan ɗaki a sama, kusa da ma'ajiyar faifai, ana so a zaunar da wani a ciki ya riƙa duba wa masu karatu takardunsu.

Ƙarfe Ɗaya ya san ɗakin. A nan ake tara fankokin da suka mutu.

Wadda ake nufi da "wata" kuwa 'Yar Talla ce. Matar aure ce mai 'ya'ya uku, ta doshi arba'in, amma shekara tara ta yi tana karanta tallan sabulu da maganin sauro kafin a dawo da ita ɗakin labarai, sunan ya biyo ta. Shi ya raɗa mata shi, bai kuma taɓa jin nadama ba. Murya dai tana da ita, wannan ko shi bai musa ba. Amma a ganinsa murya ko jaki yana da ita.

A bas ɗin da ya ɗauko shi daga asibiti bai ce uffan ba, har da kwandasta ya taka masa ƙafa, don kada ya yi wa jama'a fito kyauta. Sha biyu saura ya shiga ɗakin labarai, edita ya miƙo masa takardun, ya zauna a kusurwarsa ya fere fensir. Labari na ɗaya gada ce da aka buɗe. Na biyu farashin taki. Na uku taron ƙungiyar likitoci ne, inda shugabansu ke kukan cewa likitocin zamani kowa ya shige ɗan lungunsa ya rufo ƙofa. A cikin maganar shugaban kalmar take, sau uku, a miƙe kamar maciji a kan hanya: subspecialization.

Ya daɗe yana kallon ta. Ma'anarta ba baƙuwarsa ba ce, daga cikinta ya fito da safen nan. Ƙwarewa ce a cikin ƙwarewa: mutum ya bar itace ya kama reshe, ya bar reshe ya kama ganye, ya ƙare rayuwarsa a kan jijiyar ganye ɗaya, a kuma tafa masa.

Ya sa fensir ya yanka ta yadda ya saba yanka kowace doguwar kalma tun yana saurayi, tsaye-tsaye, kamar mahauci a kan haƙarƙari. Gaɓa shida ta ba shi: sab, spe, sha, lai, zei, shan. Ya ja ɗan layi a kan ta biyar, inda nauyin kalmar ke sauka. Sannan ya duba abin da ya fi ci masa rai. Biyar daga cikin shidan da iskar da ke tsiyaya tsakanin haƙora suke farawa. Fito biyar a kalma ɗaya, kalmar kuma sau uku, ban da abin da gada da taki za su jawo.

Ya koma wurin edita, ya ce ko za a musanya ta da wata mai sauƙi, don amfanin masu saurare. Edita bai ɗago kai ba, ya nuna bango da biro. Can a liƙe, ta yi ja don tsufa, takardar dokokin ɗakin labarai ce, doka ta biyu na cewa maganar da aka ɗauko daga bakin mutum ba mai karatun da zai taɓa ko harafi a cikinta. Ƙarfe Ɗaya bai buƙaci tabarau ba. Shi ya buga ta da tafireta shekara ashirin da suka wuce, ya kuma taɓa sa aka dakatar da wani mako biyu a kanta.

Ya gangara ɗakin karatu wurin Kurma. Kurma shi ne injiniyan sauti, a shekara ɗaya aka ɗauke su aiki tare, kuma ya samu sunan ne don abin saurare ba ya barin kunnensa, ba ya kuma jin komai sai abin da ya ga dama. Ya dubi takardar ta bayan gilashi, ya dubi bakin abokinsa, ya buɗe makirfo.

"Faɗi mu ji, tsoho."

Ya faɗa. Allurar na'urar ta doki jan layi sau biyar.

Kurma ya zare abin sauraren, ya sosa kunne da ɗan yatsa. "Da alƙalin wasa ne kai, da tuni an tashi."

"Aikinka za ka yi ko wasan kwaikwayo?"

Kurma ya murɗa wani maɓalli ya ce a sake. Fiton ya ragu, amma muryar ta koma ta mutumin da ya faɗa rijiya yana ba da labarin duniya daga ciki. Ya ce iyakar abin da na'urar za ta iya ke nan, sai ya zaɓa, ko tsuntsu ko rijiya. Ƙarfe Ɗaya ya ce a tsayar da maɓallin a tsakiya.

"Tsuntsu a rijiya ke nan," in ji Kurma, ya tsayar.

Ƙarfe ɗaya daidai jar fitila ta kama. Ya yi gaisuwar da ya saba, ya haye gadar lafiya, ya wuce takin da ɗan kuskure, yana kwantar da harshe ƙasa, yana jan kowace jimla a hankali kamar mai tafiya da ƙwai a aljihu. Ya iso wurin likitoci. Karo na farko kalmar ta fita da 'yar ƙara kaɗan, wadda mai son sa zai iya ɗora wa iska. Karo na biyu, a tsakanin gaɓar farko da ta biyu, inda leɓɓa ke rufewa su sake buɗewa, haƙoran suka saki ganɗarsa suka sauko. Ya tura su da harshe suka koma. Daƙiƙa biyu abin ya ɗauka, amma daƙiƙa biyu na shiru a rediyo shekara ce. Karo na uku ya riga ya gaji, ya sake ta yadda ta zo, ta fita da fitonta biyar cif, kowanne da ƙarfinsa. Ya ƙarasa sauran labaran, ya faɗi yanayin gari, ya yi sallama. Fitila ta mutu.

Kurma bai yi masa ba'a ba. Nan ya san inda aka kwana.

Ya koma kusurwarsa ya zauna, bai ci abincin rana ba. Mutanen ɗakin labarai kowa ya samu abin da yake karantawa da gaggawa. Wajen ƙarfe uku saura Kurma ya shigo da shayi kofi biyu, ya ja kujera, ya rage murya. Ya ce ya leƙa ofishin manaja da sunan gyara lasifika. Cikin 'yan kwamitin uku, ɗaya gyangyaɗi ya yi tun daga taki, ɗaya na cewa tsufa ba laifi ba ne, na ukun ne kaɗai ya kafe. Magana ba ta ƙare ba, tana hannun ƙarfe huɗu. Shi kuwa ya ji 'Yar Talla na gwaji a ƙaramin ɗaki, kalmar nan gaɓa goma take ba ta.

"Kai ba sai ka yi komai ba," in ji Kurma. "Ɗauki hularka ka tafi gida ka kwanta. In ta yi tuntuɓe a kanta sau uku, tsuntsunka waƙa zai zama."

Bai gama shan shayin ba sai ga ta, takarda a hannu. Ta ɗan rusuna ta gaishe shi, ta ce Baba, don Allah kalmar nan ta labari na uku ce ta ƙi zama a bakinta, ko zai duba mata. Ya dube ta ta saman kofi. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shi kansa ke ciwo. Ta ce haka ne, Allah ya ƙara sauƙi, ta juya ta fita. Ba ta roƙa sau biyu ba, wannan ma ya ba shi haushi.

Ya sa fensir a aljihu, ya ɗauki hula. Hanyar fita ta gaban ƙaramin ɗakin gwaji take bi, ƙofar ɗakin kuwa tun zuwansa gidan ba ta rufuwa sosai, an rubuta takarda a kanta ya fi sau goma. Yana isowa ya ji ta.

"Su-bu-si-fe-shi-ya-li-za-shi-yon."

Ya ƙara sauri. Ta sake, wannan karon da nauyin a kan gaɓa ta uku, ƙarshen kuma ya ɗaga sama da fara'a, kamar za ta ce wanda ya sayi biyu za a ba shi bokiti. Ya wuce allon sanarwa, ya wuce famfo, ya kai bakin matakala. Muryar ta biyo shi, don murya dai tana da ita. Ta sake. Ta sake. Kowane karo da sabuwar ɓarna, kamar mai gyaran tufa da almakashi.

Ya tsaya, hannu a kan ƙarfen matakalar. Ya bincika zuciyarsa ko tausayinta ya ji, bai tarar da ko ƙwaya ba. Kujerar yake so, da jar fitilar, da gaisuwar, kuma abin da ya rage tsakaninsa da su matakala goma sha biyu ne da bas ɗaya. Abin da ya tsaya masa a wuya daban ne. Ƙarfe huɗu wannan abin zai fita ta eriyar gidan, a cikin labaran da ya yi shekara talatin da ɗaya yana share wa hanya. Zai shiga azuzuwa da shaguna da ɗakunan jinya, malamin makaranta ya ji, gobe ya faɗa wa yara haka, in an yi masa gardama ya ce a rediyo ya ji. Sau uku.

"Su-bu-si-fe…"

Ya yi tsaki, tsakin ma ya fita da fito. Ya juya.

Bai ƙwanƙwasa ba, ya tura ƙofar. "Wannan kalma ce ko jerin gwanon motocin ɗaukar amarya? Daga ina kike farawa?"

Ta miƙe. "Daga farko, Baba."

"Shi ya sa. Zauna. Doguwar kalma daga wutsiya ake kama ta. Mai farawa daga kai, kafin ya kai tsakiya numfashi ya ƙare, tsoro ya shiga, sauran sai Allah. In kika faro daga ƙarshe, kullum wurin da kika sani kike nufa. Ce shan."

Ta ce shan. Ya fizgi takardarta, ya yanka kalmar gida shida, ya ja layi a kan na biyar, ya juya fensirin ya fara dukan tebur da gindinsa. Zei-shan. Lai-zei-shan. Ya ce ta daina yi wa makirfo murmushi, ba sayar da kalmar za ta yi ba, likita ne ke kuka. Sha-lai-zei-shan. Ya ce dukan na biyar ne mai ƙarfi, sauran 'yan rakiya ne, kada ta ba ɗan rakiya kujerar mai gida. Ta yi ta bi, yana duka, har gaɓa huɗun ƙarshe suka zauna mata kamar sunan ɗanta.

A gaɓa biyun farko aka yi yaƙin. Ya ce baƙaƙe uku ne a jere ba wasali tsakaninsu, bakinta kuwa so yake ya zuba musu wasali, kamar uwar gida mai ƙara wa miya ruwa don baƙi sun ƙaru. Ya ce ta hana bakin. Ta rufe leɓɓa, ta saki iska, ta sake rufewa, kada muryarta ta leƙo a tsakani. Ta gwada sau shida, "su-bu" na dawowa. Bai ga wata hanya ba, ya ce ta kalli bakinsa, ya faɗa mata da kansa.

Fiton ya cika ɗan ɗakin. Ta ciji leɓe, ta dubi ƙasa, ta dubi silin, abin ya fi ƙarfinta, ta kifa kai a kan tebur tana dariya har da hawaye. Ya tsaya yana jira, fensir a hannu, fuskarsa kamar ta mai jiran canji a kanti.

"Kin gama? Fiton nawa ne, ba ya cikin kalmar. Kada ki ɗauka. Sake."

Ta goge ido ta sake. Kalmar ta fita. Shida, ba goma ba, nauyin a inda yake. Ya ce sau ɗaya sa'a ce, ta yi goma a jere, in ta faɗi a na tara a koma ɗaya. Sau biyu ana komawa ɗaya. Da ta cika goman ya sa ta karanta jimlolin uku daga farko, ya nuna mata inda za ta ɗebi numfashi kafin ta iso kalmar, don kada ta zo mata da huhu a bushe. Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata.

Ta tattara takardun, ta tsaya a bakin ƙofa. "Baba, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na ji abin da ke kike yi, shi ya dawo da ni. Wuce, kada ki makara."

Ƙarfe huɗu yana tsaye a bayan Kurma, wannan gefen gilashin da bai saba tsayawa ba. Daga nan ɗakin karatun ya yi ƙanƙanta, kujerar ma ashe ta yage a baya. Jar fitila ta kama. Manaja ya turo ƙofa a hankali ya tsaya gefensa, hannuwa a baya. 'Yar Talla ta haye gada, ta wuce taki, ta iso wurin likitoci. Ƙarfe Ɗaya ya ga kafaɗunta sun ɗaga a daidai inda ya ce ta ɗebi numfashi. Kalmar ta fita sumul. Ta biyu ma haka. Ta ukun har ta fi, ta wuce ta kamar ba komai, kamar a gidansu ake faɗin ta da safe. Allurar ba ta ko kusanci jan layi ba.

Kurma bai waiwayo ba. "Wawan tsoho," ya ce a hankali, yana gyara maɓalli.

Da fitila ta mutu manaja ya biyo shi baranda. Ya gyara murya ya fara magana a kan dattaku, da gadon da manya ke bar wa na baya, da yadda gidan ba zai taɓa mantawa ba, kwamiti kuma zai ba da sanarwarsa a rubuce. Ƙarfe Ɗaya na kallon ƙofar ɗakin karatu, bai ji ko rabi ba, abin da ya lura da shi kawai shi ne har yanzu mutumin a tsakiyar kalma yake numfashi. Ƙofar ta buɗe, ta fito da takardun a ƙirji, ta nufo su, bakinta cike da godiya.

Bai bari ta fara ba. Ya ce a labari na biyar ta haɗiye ƙarshen sunan kogin, a yanayin gari kuma muryar sabulu ta dawo.

"Gobe sha ɗaya da rabi ki kawo mini takardar, ba sha biyu ba," ya ce. "Ni ba zan sauko nemanki ba. Kin san ɗakin."